Majanyi Babu Goyo, daga Suleja zuwa Kufan Oyo

Sallama gare ku, matan ajinmu na Islamiyya. Tun da na dawo kun hana ni sakat. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan a wajen niƙa, tambayar dai ɗaya ce: me ya kai ni dajin Yarbawa, kuma da gaske ne aikin ba a biyan ko sisi? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san ban gama firamare ba.

Gaskiya ba son daji ne ya kai ni ba, yaye ne. Da lokacin cire yarinya daga nono ya yi, maigidan ya ɗauke ta ya kai wa mahaifiyarsa, Hajiya, a Sabon Wuse, kamar yadda aka saba. To Sabon Wuse ba nisa, mota ɗaya ce. Washegari na ce zan je sayen doya, sai ga ni a ƙofar gidan Hajiya. Yarinya ta gan ni ta ɓare baki, aikin ya koma baya. Na sake komawa, wannan karon na ce leƙe kawai zan yi ta kan katanga, akuyar maƙwabta ta tona ni. Ina tsaye Hajiya ta kira ɗanta a waya ta ce, "Ko ka ɗaure matarka, ko ka kai ta inda babu mota."

Anti Luba, yayar maigidan, malamar makaranta ce, kuma tana cikin wata ƙungiyar sa-kai masu dashen itatuwa da gyaran wuraren tarihi. A hutun nan an shirya za su je wani gandun daji na gwamnati a ƙasar Oyo, inda tsohon birnin Yarbawa yake. Da ta ji labarina ta ce da ƙaninta, "Ba ni Sadiya. Inda za mu ko waya ba ta shiga."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma abin da ke raina ban gaya wa kowa ba. Ni 'yar fari ce. Ranar da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata a Maje, ba a dawo da ni ba sai da ta rasu, na riga na zama budurwa. Har yau mahaifiyata Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna ce mata, ita kuma "'yar Maje" take ce mini. Gaisuwarmu kamar ta surukai. Ba laifin kowa ba ne, a danginmu ɗan fari na kaka ne, uwa kuma kunya ba ta barinta ta ce a ba ta ɗanta. Ita ma yarinyata 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Kuma na ga yadda Hajiya ta karɓe ta, ba karɓar mai riƙon kwana biyu ba ce.

Da nake haɗa kaya na ɗauki majanyin da nake goyonta da shi na tura can ƙasan jaka. Ban san me zan yi da shi ba.

Bas ɗaya muka cika. Yawancinsu samari ne da 'yammata 'yan boko masu aiki a Abuja, kowa da hula mai faɗi da gorar ruwa. A Lambata muka tsaya karin kumallo, doya da ƙwai. Mai suyar tana goye da yarinya sa'ar tawa, ƙafafunta na reto, takalmi ɗaya ya faɗi. Na ɗauka na saka mata, na riƙe ƙafar har sai da Anti Luba ta ja mini hijabi.

Hanyar Bida kuwa, wadda ba ta bi ba kada ta yi gaggawa. Tireloli sun yi layi, ramuka kamar an yi gasar haƙa. Ni ga ƙirji ya cika ya yi tauri, duk ramin da muka faɗa sai na ji har cikin haƙorina. Kafin Mokwa taya ta fashe, muka zauna gindin mangwaro muna cin rake da wata Banufiya ta sayar mana. A gadar Jebba na rufe ido ina salati. Anti Luba ta ce, "Buɗe, kada ki koma Suleja ki ce ba ki ga Kwara ba." Na buɗe ɗaya. Ruwa ne shimfiɗe, masu kwalekwale a kai kamar ƙudaje a faranti.

Nan ne iyakar, ko da ba a karɓi fasfo ba. Muna haurawa allunan shaguna suka canza harshe, hulunan maza suka karkace gefe guda. Gaba kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya buɗe but ya ga adduna da fatanya a ɗaure, ya dube mu 'yan Arewa cike da mota, nan take fuskarsa ta canza. Shugaban tafiya ya yi ta bayani cewa aikin kyauta za mu je yi a daji. Wannan ya ƙara ɓata lamarin, don mutumin ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya yi wannan nisa don ya yi noma kyauta ba. Aka ce kowa ya buɗe jaka. Da ya zo kan tawa ya zaro majanyin, ya ɗaga, ya leƙa cikin mota, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Hajiya, ina bebi?" Ya dube ni, ya ninke shi da kyau ya mayar, ya ce mu wuce.

A Ilorin muka kwana gidan wata ƙawar Anti Luba. Da safe muka bi ta Igbeti, daga nan akori-kura ta ɗauke mu zuwa cikin daji, da ma'aikatan gandu biyu masu bindiga. Ni da na ga bindiga tsorona ya ƙaru maimakon ya ragu. Masaukin wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, mata gefe maza gefe, katifu a ƙasa da gidan sauro. An gargaɗe mu kada mu bar abinci a taga. Na bar ƙullin ƙuli-ƙulina, na juya in ɗauko buta, da na waiwayo wani gwaggon biri yana zaune kan reshe yana kwance ƙullin a natse, kamar shi ya saya.

Ba wai ban san Yarbawa ba, a Suleja fa muke, telata ma Bayarabiya ce. Amma ganin mutum a kasuwa daban, ganinsa a garinsu daban. Na ga ƙaton saurayi mai gemu ya kwanta rub da ciki a ƙasa don gaida tsoho. Gaisuwa kuwa sun kusa fin mu: ta zama daban, ta aiki daban, ta tsayuwa daban. Abinci amala ce kullum, baƙa wuluk, da miyar lalo da ta wake a kwano ɗaya, sai jan barkono a kai. Ranar farko na ci ina hawaye, na gode wa barkonon don ya rufa mini asiri.

Mai dafa mana wata dattijuwa ce daga ƙauyen kusa, Iya Basira, ita ma aikin Allah take yi. Ta yi shekaru tana sayar da atamfa a Kontagora, tana jin Hausa, sai dai kowa "kai" ne a bakinta. Tana zuba mini abinci ta dubi ƙirjina ta ce, "Kai kana da yaro. Menene sunansa?"

Na sunkuyar da kai. Anti Luba ta buɗe baki za ta faɗa, Iya ta ɗaga mata ludayi. "Ba kai na tambaya ba, Malama." Ta ce a wajensu matar da ta haihu ba a kiran sunanta tsirara, da sunan ɗanta na fari ake kiranta, ita kanta ba ta tuna rabon da ta ji sunanta na yanka ba. Anti Luba ta bayyana mata cewa mu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce.

Iya ta ajiye ludayin. "Ka ɗauki ciki, ka yi naƙuda, ka sha zafi, amma sunan ne ya fi ƙarfinka? To shi ke nan. Sai ranar da ka faɗa da bakinka. Kafin nan Maman Wance ne kai." Haka sunan ya bi ni, har 'yan Abujan nan, "Maman Wance, miƙo adda."

Birnin da muka zo gyarawa kufai ne, daji ya cinye shi. In ba a nuna miki ba za ki wuce ki ce tudu ne. Amma in kin lura sai ki ga kukoki sun yi yawa a wuri ɗaya, ƙasa cike da tsingaro, sai guntayen ganuwa ta jar ƙasa, wani wuri ta kai ƙirji, wani wuri ta fi tsawon mutum. Aikinmu share hanyoyin da baƙi ke bi, da sare ciyawa a kewaye don kada gobarar daji ta iso, da jera duwatsu inda zaizaya ke ci, da tsince ledoji. Doka ɗaya suka fi nanatawa: ko tsingaro ɗaya ba a ɗauka a tafi da shi.

Ranar da aka kai mu jikin ganuwa, babban ma'aikacin wurin, Baba Lasisi, ya tsaya ya yi dogon bayani da Turanci. Ni hankalina yana kan wayata, ina ɗaga ta sama ko za ta kama. Na dai ji an ce a raba ganuwa da tsiron da ya fito a jikinta. To ni a gonar kakata na tashi, inda in ka sare ciyawa ka bar saiwa sai a ce maka rago. Na samu wata 'yar cediya, kaurinta bai fi tsintsiyar hannuna ba, ta fito daga tsagar ganuwa. Na naɗe hijabi, na dafa ƙafa, na ja da ƙarfina. Ta fito. Amma ba ita kaɗai ta fito ba, ta taho da ɓangaren ganuwa kamar girman turmi, ya faɗo gabana ya wargaje.

Kowa ya waiwayo. Baba Lasisi ya taho a hankali, ni kuwa na riga na fara tunanin ko ɗaure mutum ake yi. Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar a tafinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka kira Iya ta fassara mini. Ya ce in tsiron yana ƙarami kamar zare, da yatsu biyu ake zare shi, ganuwa ba za ta ji ba. In ya riga ya kama, sai dai a yanke shi a bar saiwar a ciki, don a lokacin saiwar ce ke riƙe da ƙasar. Ya nuna mini wata ƙatuwar bishiya can gaba wadda ta rungume ganuwa gaba ɗaya. Ya ce wannan kam ba mai taɓa ta kuma, sun zama abu ɗaya. Yinin ranar ni na yi ta jidar ruwa ana kwaɓa ƙasa ana cike gurbin. An cike, amma tabon yana nan, sabuwar ƙasa ba ta yi kalar tsohuwa ba.

Akwai wani falalen dutse da in an hau waya takan kama. Da la'asar na hau na kira Hajiya. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, ko kuka ta daina. Ta ma manta da ke." Ta ce ta saya mata 'yar katifa da kofi nata na kanta, ta ce yanzu in ba a jikinta ba yarinyar ba ta barci. Ina jin dariyarta a bayan muryar Hajiya, tana kora kaji. Na ce madalla, Allah ya saka da alheri. Hajiya don in ji daɗi ta faɗa, na sani.

A kan dutsen Iya Basira ta same ni, gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Ta ce in kawo wani ƙyalle mai ƙarfi a ɗaure ƙirjin, in ba haka ba zazzaɓi zai kama ni. Na je na ɗauko majanyin. Ta juya shi a hannu, ta ɗaure ni tamau har numfashina ya yi sama. Sannan ta ja ni gefen dutsen ta nuna mini wasu ramuka a jere, sumul-sumul, inda matan birnin suke niƙa a zamanin da. Gwiwoyinsu ma kamar sun bar alama. Kusa da wani babban rami akwai wani ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce ita ba ta sani ba, masu karatu ma kowa da abin da yake faɗa. Amma ni da na durƙusa a gaban babban, na ga ƙaramin daidai inda yarinya za ta zauna ne in tana kwaikwayon uwarta.

Nan na gaya mata komai, har da Maje. Ta saurara tana ɓare gyaɗa. Da na gama ta ce, "Kakar ba mugu ba ne?"

Na ce, "A'a, mutuniyar kirki ce."

"To shi ya fi wuya." Ta watsa gyaɗa a baki. "Har yanzu ban ji sunan ba."

Na duba hagu da dama, babu kowa sai kukoki. Na ce, "Habiba." Muryata ta fito kamar ta wata.

Iya ta ce, "Abibatu. To Mama Abibatu, tashi mu je, wake yana ƙonewa."

Sauran kwanakin na yi aiki kamar mai biyan kaffara. Na koyi zare ƙananan tsiro da yatsu biyu, har Baba Lasisi ya daina tsayawa a bayana. Ranar da za mu taho Iya ta ba ni garin amala a leda, ta ce in na dafa ya yi gudaji kada in ce ita ta koya mini. Har yanzu in na tuna ta tsaye da ludayi tana ɗaga mana hannu sai in ji wani iri, don na san da wuya mu sake haɗuwa.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Bida, Anti Luba ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Na san abin da kike tsoro. Amma ki sani, tun da Babanmu ya rasu ban ji Hajiya tana dariya irin ta kwanakin nan ba." Na ce ko za ta yi mini magana da Hajiya. Ta ce, "In ni na yi, cewa za ta yi uwar ai ba ta tambaya ba."

Ba mu shiga Suleja ba, a mahadar Dikko muka sauka ni da ita muka hau motar Sabon Wuse. Mun samu Hajiya a tsakar gida da maƙwabtanta biyu suna gyaran shinkafa. Yarinyar tana kan cinyarta, an yi mata sabon kitso, ta yi kumatu. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta juya ta cusa fuska a ƙirjin Hajiya.

Na durƙusa muka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi Yarbawa. Hajiya ta ce, "Kin ga yadda ta yi ɓulɓul. Ki je gida ki huta abinki. In ta isa shiga makaranta ma yi magana."

Na ji maganar ta zauna daidai inda nake tsoro. Na buɗe jaka na ciro majanyin na shimfiɗa a gwiwata. Na ce, "Habiba, zo mu je gida."

Ɗaya daga cikin matan ta ajiye faifai ta ce, "Ikon Allah. Yaran yanzu." Hajiya ta zuba mini ido ta ce, "A dajin kika baro kunyar taki?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya." Ban ɗaga kai ba, ban kuma janye majanyin ba.

Ba kiran ne ya kawo ta ba, don ba ta san sunanta a bakina ba. Majanyin ne. Ban wanke shi ba tun da Iya ta ɗaure ni da shi. Ta leƙo, ta zame daga cinyar Hajiya, ta taho ta kama gefensa ta kai hanci, sai kuma ta juya mini baya ta tsaya, yadda take yi in tana son goyo, har ta tuna ni ce ya kamata in juya. Hannun Hajiya yana nan a buɗe inda yarinyar ta tashi.

Hajiya ce ta ɗora mini ita da kanta, ta ja majanyin ta ɗaure. Ta shiga ɗaki ta haɗo kayanta a leda, amma ban ga katifar da kofin ba. Ta ce, "Waɗannan nan za su zauna." Na ce duk Juma'a in sha Allahu za mu zo mu kwana. Ta ce, "Ni ban tambaye ki ba." Sai da muka kai zaure ta ce da Anti Luba, ba da ni ba, "Ranar Juma'a waina nake yi."

Kwanakin farko Habiba ta yi ta nuna ƙofa tana kiran Hajiya, kuma Anti Luba ta ce tsohuwar ba ta ɗauke katifar daga gefen gadonta ba. Har yau ban sani ba ko da yatsu biyu na zare, ko kuwa na taho da ƙasa. Juma'a dai ba mu taɓa fashi ba.

Abu na ƙarshe, sai in bar ku. Shekaranjiya na je gaida Yaya. Labari ya riga ni isa, amma ba ta tayar da maganar ba, muka yi gaisuwarmu ta kullum. Da zan tafi ta rako ni zaure, abin da ba ta saba yi ba. Ta gyara wa Habiba wuya a bayana, ta ƙara jan majanyin, ta daɗe tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Na fita na yi 'yan taku sai na ji ta a bayana, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da ƙyaure: "Sadiya, ki gaida gida."

Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya kunya za ta kama ta. Na amsa da "to", na yi ta tafiya har na sha kwana, sannan na tsaya jikin katangar wasu mutane. Habiba ta leƙo ta kafaɗata tana shafa mini fuska.

Ke nan kun ji. Masu cewa in za a koma a tafi da su, ku tafi da takalmi mai rufi, kada ku bar abinci a taga, kuma in kun ga Iya Basira ku ce Mama Abibatu tana gaishe ta.